Yadda ake kwashe wasan teburi na kwamfuta zuwa sabuwar na'ura ba tare da labarin ya salwanta ba

A Maraɗi ba kasafai mutum ke sayen kwamfuta ya bar tsohuwar a gida ba. Musaya ake yi: ka kai taka wajen mai shago, ka cika kuɗi, ka ɗauko wadda ta fi ta, shi kuma kafin la'asar ya goge tsohuwar ya jera ta a kanta tana jiran mai saye. Ɗalibi ba ruwansa, ya kwashe takardunsa a kile, wato filashi, ya kama gabansa. Wanda abin yake ci shi ne mai jan wasan labari, irin su Dungeons & Dragons ko Pathfinder, a kan manhajar teburi kamar Foundry VTT, Fantasy Grounds ko MapTool. Kayansa ba sa zama inda ido ke gani. Taswirorin da ya zana, takardun jaruman ƴan fadarsu, bayanin wanda ya ci bashin wane a cikin labari, galibi suna cikin wani dosiye, wato jakar fayiloli, da Windows ke ɓoyewa da gangan.

Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne manhaja daban, labari daban. Gidan dara ko'ina ana haƙa shi a ƙasa, abin da ba ya dawowa in an share shi ne inda kowane ɗa yake zaune. Manhaja kana iya sauke ta gobe daga intanet. Labarin da kuka yi wata da watanni kuna ginawa kuwa a kwamfutarka kaɗai yake, kamfanin da ya sayar maka da manhajar ba shi da kwafinsa.

In a Roll20 kuke wasa, ka huta. Komai yana can a rumbunsu, ka buɗe burauza a sabuwar na'ura ka shiga da imel da kalmar sirrinka, shi ke nan. Zan fi daɗewa a kan Foundry, don ita ce ta fi yawan ramukan da ake faɗawa, sannan in bi ta kan sauran a gurguje.

Mataki na farko: biro da takarda

Kafin ka kwafi ko fayil ɗaya, buɗe Foundry a tsohuwar kwamfuta ka duba lambar sigar da kake kai. Tana rubuce a shafin farko inda ake zaɓen duniya, wato labarin da kake ja da duk kayansa, kamar haka: Version 12 Build 331. Rubuta ta cikakkiya, har da lambar ƙarshe. Sannan ka rubuta sigar tsarin dokokin da duniyarka take hawa, dnd5e na Dungeons & Dragons ne ko pf2e na Pathfinder ko wani. Bayan haka ka shiga cikin duniyar, ka buɗe jerin modil ɗin da ke kunne, wato ƙare-ƙaren da ka ɗora wa manhajar, ka ɗauki hotonsa da waya.

Dalilin wannan wahala yana da nauyi. Foundry ta fito kasuwa a watan Mayu na 2020, kuma tun daga nan kusan kowace shekara sai an fitar da babbar siga: ta 10 a 2022, ta 11 a 2023, ta 12 a 2024, ta 13 a 2025. Duk lokacin da ka buɗe tsohuwar duniya da sabuwar siga, manhajar tana sake fasalin bayanan ciki su dace da ita, kuma wannan tafiya ce da ba a juyowa. Duniyar da ta hau siga ta 13 ba za ta koma ta 12 lafiya ba. Mutum ya sayi sabuwar na'ura, ya je shafin kamfani, ya danna abin da ya fara gani, wanda kuma shi ne sabon fitowa, ya zuba kayansa ya buɗe. A nan take ya haɗa aiki biyu wuri ɗaya, ƙaura da sabuntawa. In wani abu ya lalace, ba zai san ko kwafin ne bai cika ba, ko modil ne bai san sabuwar sigar ba. Shawarata ita ce ka raba su. Ka ƙaura tukuna a kan sigar da kake, ku yi wasa ku ga komai daidai, sabuntawa ta jira wani mako.

Mataki na biyu: nemo inda kayan suke

A Windows, danna maɓallin tambarin Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati zai fito. Rubuta %localappdata%\FoundryVTT ka danna Enter. Wannan hanyar ta fi, domin dosiyen AppData ɓoyayye ne, kuma kwamfutocinmu kashi biyu ne: waɗanda suka shigo ta Jibiya da Ɗan Isa suna magana da Ingilishi, waɗanda suka zo daga Turai suna magana da Faransanci. A ta Faransanci za ka ga an rubuta Utilisateurs inda ta Ingilishi ta rubuta Users, amma umarnin can na sama iri ɗaya ne a duka biyun. Mai Mac zai samu nasa a ~/Library/Application Support/FoundryVTT, mai Linux kuma galibi a ~/.local/share/FoundryVTT.

Sai dai kada ka yarda da wannan ido rufe. Mai yiwuwa tun da daɗewa kai ko wanda ya saka maka manhajar ya mayar da ma'ajiyar wani wuri, misali faifan D. Shiga sashen saituna a shafin farko na Foundry, ka karanta abin da ke rubuce a gurbin User Data Path. Abin da ke nan shi ne gaskiya.

A ciki za ka tarar da Config, Data da Logs, wani lokaci har da Backups. Data shi ne dukiyar. Cikinsa akwai worlds inda duniyoyinka suke, systems inda dokokin wasa suke, modules inda ƙare-ƙaren da ka saka suke, sannan duk wani dosiyen da kai da kanka ka ƙirƙira don taswira, hotunan dodanni ko kiɗan da kake sakawa in an shiga kogo.

A nan ne mutane da yawa ke yin rowa da ba ta da amfani. Sai mutum ya ce ai labarina yana cikin worlds, bari in ɗauki shi kaɗai. Duniyar ba ta haɗiye hotuna a cikinta ba, adireshinsu kawai take riƙewa, kuma adireshin yana farawa ne daga bakin Data. In taswirar birnin da kuke ciki tana Data\taswirori\birni.webp, ko kuma tana cikin wani modil da ka sauke, to duniyar za ta je nemanta can. Ba ta same ta ba, sai ka buɗe fage, wato allon da ake wasa a kai, ka ga fili fetal, ga bangaye da fitilu a jere amma babu ƙasa a ƙarƙashinsu. Ɗauki Data gaba ɗayansa. Akwai riba ta biyu ma: systems da modules da ka kwafa suna zuwa da ainihin sigar da kake amfani da ita, ba ka ƙona mega wajen sake sauke su ba, ba kuma a ba ka sabuwar da ba ta jituwa da duniyarka ba. Wanda ya taɓa sauke pf2e da forfe, wato datar waya, ya san abin da nake nufi.

Config kuwa ka kwafe shi ka ajiye a gefe don tarihi, amma kada ka zuba shi a sabuwar na'ura. Cikinsa akwai options.json, wanda yake ɗauke da cikakken adireshin ma'ajiya na tsohuwar kwamfuta, har da sunan mai ita. In sunan da ka sa wa sabuwar ya bambanta ko da harafi ɗaya, manhajar za ta je neman gidan da babu shi. Logs ba ka bukatarsa.

Mataki na uku: rufe manhajar ruf kafin ka kwafa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne gajarta kuma ya fi kowanne cin mutane. Fita daga duniyar zuwa shafin farko, sannan ka rufe Foundry gaba ɗaya. In kana shakka, sake kunna kwamfutar, kada ka buɗe manhajar.

Daga siga ta 11 Foundry ta bar tsohon salon ajiya, inda jarumai ke cikin fayil guda mai suna actors.db da ake iya buɗewa a karanta, ta koma wani salo da ake kira LevelDB. Yanzu in ka leƙa cikin duniyarka za ka ga dosiye na jarumai, na fage, na kayayyaki, kowanne cike da ƙananan fayiloli masu lambobi da wasu masu suna CURRENT, LOCK da MANIFEST. Waɗannan tare suke aiki, ɗaya yana nuna ɗaya. In ka kwafa manhaja tana kunne, za ka iya ɗaukar rabi na kafin wani canji, rabi na bayansa, kuma kwafin zai yi kama da lafiyayye har ranar da ka buɗe ka ga jerin jarumai babu kowa. Wannan dalilin ne ma ya sa ba a son a ɗora ma'ajiyar Foundry kai tsaye a cikin dosiyen da OneDrive, Dropbox ko Google Drive ke daidaitawa da kansu. A dunƙule kwafi a ajiye can, wannan daidai ne. A bar su suna taɓa fayilolin ana cikin wasa, wannan neman rigima ne.

In sigarka ta 11 ce ta baya-bayan nan ko sama da haka, akwai hanyar ajiyar kwafi a cikin manhajar kanta: ka danna duniya da maɓallin dama ka zaɓi ɗaukar kwafi, ya tafi cikin Backups. Yi shi kafin ka rufe manhajar, ƙari ne mai kyau. Amma ka sani abin da ke cikin dosiyen duniyar kaɗai yake ɗauka. Taswirorin da ka ajiye a wani gefe na Data ba sa shiga.

Mataki na huɗu: kile da abin da ke tattare da shi

Danna Data da maɓallin dama ka duba Properties, ko Propriétés a ta Faransanci. Rubuta abu uku: nauyinsa, yawan fayiloli, yawan dosiye. Da su za ka yi awo a ɗaya ɓangaren.

Ni na fi son a dunƙule Data ya zama fayil ɗaya da 7-Zip, wadda kyauta ce, kafin a ɗora a kile. Dubban ƙananan fayiloli suna tafiyar hawainiya a kan kile, guda ɗaya babba kuwa yana wucewa da sauri. Ban da haka, Windows na da tsohuwar iyaka ta haruffa 260 a tsawon adireshin fayil, kuma wasu modil suna da dosiye cikin dosiye masu dogayen sunaye, sai kwafi ya tsaya a tsakiya yana ƙorafi. Dunƙulewa tana rage wannan ciwon kai. Kada ka wahalar da na'ura da matsi mai tsanani, hotuna da kiɗa sun riga sun matsu, zaɓi mafi sauƙi ya isa. Sa wa fayil ɗin suna mai kwanan wata da lambar siga, yadda ko bayan shekara za ka gane shi.

Sai dai dunƙulewa na kawo nata sharaɗi. Kile da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, ko da kilen na giga 64 ne kuma babu komai a ciki. In dunƙulenka ya wuce haka, ko dai ka sake tsara kilen zuwa exFAT, wanda zai goge duk abin da ke kansa, ko ka ce wa 7-Zip ta yanka shi gunduwa-gunduwa na giga biyu-biyu.

Sannan maganar jabu. Akwai kile a kasuwa da aka rubuta wa babban adadi a jiki, har kwamfuta ma ta yarda, alhali cikinsa kaɗan ne. Irinsa yana karɓar kaya ba musu, yana nuna sunayen fayiloli daidai, amma abin da ya wuce ainihin cikinsa ya tafi iska. In sabon kile ne, musamman in arahar ta yi yawa, gwada shi da ƴar manhajar H2testw kafin ka ba shi amana: tana cika shi da bayanai ta sake karantawa, ta gaya maka nawa ne na gaskiya. Tana cin lokaci, ka sa ta ka je ka yi sallah ka dawo. Haka nan kilen da ya sha yawo a shagunan buga takardu na bakin jami'a, ka bi shi da riga-kafin ƙwayar cuta tukuna. In ka soka shi ka ga dosiyoyinka sun koma ƴan gajerun hanyoyi masu alamar kibiya, kada ka danna ko ɗaya.

Lokacin kwafi ma abin dubawa ne. Da bazara, in zafi ya tsananta kuma ana yawan ɗauke kuran, tsohuwar kwamfuta mai mataccen batir tana iya mutuwa a tsakiyar aiki. Yi shi da sassafe ko da dare in wuta ta zauna, ka ɗaga na'urar daga kan katifa ta sha iska. In an gama, buɗe dunƙulen daga kan kilen da 7-Zip ka danna maɓallin gwaji, ya tabbatar maka babu ɓaraka. Sannan ka cire kilen ta hanyar da Windows ta tanada, ba fizga ba. Yi kwafi na biyu a wani wuri dabam, ko a waya ko a kwamfutar wani daga cikin ƴan wasan. Ka dai zaɓi wanda ba zai leƙa sirrin labarin ba.

Mataki na biyar: a sabuwar kwamfuta

Shiga asusunka a foundryvtt.com, ka je shafin lasisin da ka saya. A nan lambar lasisinka take, a nan kuma ake zaɓen sigar da za a sauke, har da tsofaffi. Zaɓi wadda ka rubuta a takarda. Lasisin Foundry sau ɗaya ake biya, dalar Amurka 50, ba na wata-wata ba ne, kuma ba ka bukatar sake saye don ka canza na'ura. Sharaɗinsa dai shi ne lasisi ɗaya teburi ɗaya ne a buɗe ga ƴan wasa a lokaci guda.

Saka manhajar, ka buɗe ta sau ɗaya tana fanko. Za ta nemi lambar lasisi, ta nemi ka amince da sharuɗɗa, kuma wannan karon tana bukatar intanet. Wannan buɗewar ce ke sa ta gina nata Config, Data da Logs da adireshin da ya dace da sabuwar na'ura. Sa kalmar sirrin mai gida idan kana amfani da ita, sannan ka rufe manhajar ruf.

Yanzu koma %localappdata%\FoundryVTT. Sauya wa sabon Data ɗin da babu komai cikinsa suna, ka ce masa Data-fanko, sannan ka warware dunƙulenka a wurin. Buɗe ka duba da idonka: da ka shiga Data, worlds da systems da modules ya kamata ka fara gani. In ka shiga Data ka tarar da wani Data a ciki, to an yi ninki, kuma Foundry za ta buɗe ta ce maka ba ka da duniya ko ɗaya. Mutane sun sha tayar da hankali a kan wannan, alhali gyaran bai wuce ka jawo na cikin ka fito da shi mataki ɗaya ba. Gwada nauyi da yawan fayiloli da abin da ka rubuta. Yawan fayiloli dole ya zo daidai. Nauyin da aka ce yana ci a kan faifai yana iya ɗan bambanta, wannan ba komai.

In sabuwar na'urar tana da ƙaramin faifan C da babban D, yanzu ne lokacin mayar da ma'ajiya can. Ƙirƙiri dosiye kamar D:\FoundryKaya, ka sa Data a cikinsa, ka rubuta D:\FoundryKaya a gurbin User Data Path, ba D:\FoundryKaya\Data ba. Kada kuma ka ajiye kayanka cikin dosiyen da manhajar kanta take zaune, domin sabuntawa tana iya share abin da ke wurin.

Mataki na shida: buɗe duniya ka zagaya

Buɗe Foundry. Duniyoyinka su bayyana da hotunansu. In ta tambaye ka ko ta sabunta bayanan duniya zuwa wata siga, tsaya, kada ka amince: alama ce cewa ba sigar da ka rubuta ka saka ba. In komai daidai, shiga da sunan mai jan wasa. Sunayen ƴan wasa da kalmomin sirrinsu suna cikin duniyar, sun taho tare da ita.

Kada ka tsaya a fagen farko ka ce alhamdu lillahi. Shiga fage uku ko huɗu, har da wani tsoho da kuka daɗe da bari. Buɗe takardar jarumin da ya fi kowa tarkace, ka ga kayansa da tsafe-tsafensa suna nan. Kunna kiɗa ɗaya. Buɗe littafin bayananka. Gwada jerin modil da hoton da ka ɗauka a waya. In ka ga wani hoto ya ɓace, danna F12 ka duba jajayen layukan da suka fito, za su gaya maka sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa da inda aka neme shi. Wanda ya ƙaura daga Windows zuwa Linux ya lura da wani abu: Windows ba ta bambanta Birni.png da birni.png, Linux kuwa tana ɗaukarsu abu biyu.

In duniyar ta ƙi buɗewa, ko ta tsaya a baƙin allo, koma shafin farko ka buɗe saitin duniyar ka kunna Safe Configuration. Zai buɗe ta da modil duka a kashe. In ta buɗe a haka, kayanka lafiya suke, wani modil ne ke da matsala, sai ka riƙa kunna su kaɗan-kaɗan har ka kama shi.

Akwai ƙananan abubuwa da ba za su biyo ka ba ko ka yi komai daidai: ƙarfin sauti, maɓallan da ka sauya wa aiki, da wasu saitunan da ke zaune a burauza ko a jikin manhajar tsohuwar na'ura. Waɗannan da hannu ake mayar da su. Wanda ya bar allon rubutu na QWERTY ya koma AZERTY zai so ya duba maɓallan tafiyar da jarumi tun kafin ranar wasa.

Mataki na bakwai: ƴan wasa su iya shigowa

Adireshin da ka saba aika musu a WhatsApp mai yiwuwa ba zai ƙara aiki a sabuwar kwamfuta ba. Shiga duniya, ka buɗe Invitation Links a saituna, za ka ga biyu: na cikin gida da na intanet. In a fada ɗaya kuke zama, kowa da na'urarsa, kuna hawa wifi ɗaya ko waya ɗaya ce ke raba muku, na cikin gida za ka ba su, mai kama da 192.168 da wasu lambobi, ƙarshensa 30000, wadda ita ce ƙofar da Foundry ke amfani da ita in ba a sauya ba. Karon farko Windows za ta tambaya ko ta bar manhajar ta yi magana da sauran na'urori. Ka amince. In ka riga ka danna a'a cikin sauri, sai ka je saitin katangar tsaro ka buɗe mata. Duba kuma ko Windows ta ɗauki wifin a matsayin na jama'a, ka mayar da shi na gida.

In kuwa wani yana Yamai, wani yana Damagaram, wani ya tsallaka Katsina karatu, lamarin ya fi haka tsauri. Yawancin layukan waya suna tara masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, don haka buɗe ƙofa a na'urar wifi ba ya isar da kowa gare ka. In da wata manhajar rami, wadda ke buɗe wa na nesa hanyar isowa gare ka, kake bi a tsohuwar kwamfuta, ita ma sai ka sake saka ta a sabuwar, ba ta cikin Data. In ka gaji da wannan, akwai masu ba da hayar masauki kamar The Forge, inda ake ɗora duniyar can gaba ɗaya, sai dai kuɗin wata ne, kuma ɗora giga da yawa da forfe ba wasa ba ne. Ko ta wace hanya, sa mutum ɗaya ya gwada shiga kwana ɗaya kafin zama, kada a dafa shayi a zauna ana kallonka kana fama.

Sauran manhajojin

Fantasy Grounds na kamfanin SmiteWorks tana ajiye kayanta a %appdata%\SmiteWorks\Fantasy Grounds, kuma akwai alamar dosiye a shafinta na farko da ke kai ka can kai tsaye. Mafi muhimmanci shi ne campaigns, inda kowane labari ke da dosiyensa da fayil ɗin db.xml a ciki. Haɗa da modules in kana da waɗanda ka ƙera da kanka, da extensions, images, tokens da portraits. Littattafan da ka saya suna rataye da asusunka, manhajar sabuntawa za ta sake sauko da su. Saka manhajar, shiga asusu, bar ta ta gama sabuntawa, rufe ta, sannan ka zuba dosiyoyin.

MapTool ta fi kowa sauƙin ƙaura, kuma kyauta ce. Labarin duka yana cikin fayil ɗaya mai ƙarewa da .cmpgn, tare da hotunan da aka riga aka ɗora a taswira. Buɗe shi, ka adana sabon kwafi inda ka sani, ka ɗauka. Abin da ba ya ciki shi ne rumbun hotunan da kake zaɓa daga gefe, don haka ka kwafi waɗannan dosiyoyin dabam ka sake nuna mata inda suke. Ita ma ka saka siga iri ɗaya, da kai da ƴan wasa duka.

Tabletop Simulator tana ajiyewa a Documents\My Games\Tabletop Simulator. Ɗauki Saves, ka ɗauki Mods. Na biyun yana da nauyi, amma shi ne ke riƙe da hotuna da siffofin da aka taɓa saukewa, wasunsu ma adireshinsu na intanet ya riga ya mutu, kwafinka kaɗai ya rage. Tarkon da ke nan shi ne hotunan da ka ɗora daga cikin kwamfutarka: ana ajiye cikakken adireshinsu har da sunan mai na'ura, don haka gara ka tura su Steam Cloud, ma'ajiyar intanet ta shagon wasanni na Steam, tun kana kan tsohuwar. Ka kuma duba ko OneDrive ta janye Documents zuwa cikinta, domin a sababbin Windows tana yawan yin haka, sai ka zuba kaya a wani Documents, wasan yana duba wani.

In tsohuwar ta riga ta mutu

Allo ya fashe ko na'ura ta ƙi tashi ba ya nufin faifan ya tafi. Mai gyara zai iya ciro shi ya sa a ɗan akwatin da ake sokawa ta USB, sai ya fito a sabuwar kwamfuta kamar kile. Ka shiga Users, sunanka na da, AppData, Local, FoundryVTT, bayan ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli. Ka tsaya a kansa lokacin da yake aikin, ka kuma gaya masa da baki cewa ba gogewa ka zo yi ba, domin hannun masu gyara ya saba da gogewa. In faifan ya nemi mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle faifai da shi, lamba ce mai alƙaluma 48, kuma sau da yawa tana ajiye a asusun Microsoft da aka shiga da shi a waccan na'urar. Wasu ƙananan kwamfutoci ma'ajiyarsu a manne take da allon ciki, ba ta ciruwa, irin waɗannan sai an tayar da na'urar kanta.

Sallamar tsohuwa

Ka roƙi mai shago ya ba ka mako ɗaya kafin ka kawo tsohuwar, ko ka bar masa wani abu jingina. In ya ƙi, to aƙalla ka yi matakai na biyar da na shida a shagon, a gabansa, kafin ka miƙa. Abin da ya fi shi ne ku yi cikakken zama ɗaya a sabuwar, daga buɗewa har tashi, domin a cikin wasa ne ake gano taswirar da ta ɓace ko modil ɗin da ya ƙi aiki. Daga ranar da kuka yi wannan zaman kada ka sake buɗe duniyar a tsohuwar, in ba haka ba za ka wayi gari da labari biyu da suka rabu, ba kuwa hanyar haɗe su.

In lokacin miƙawa ya yi, fita daga asusun Foundry, Steam, imel da WhatsApp na burauza, ka goge dosiyen FoundryVTT gaba ɗaya, domin lambar lasisinka tana cikin Config a fayil ɗin license.json. Sannan ka mayar da Windows sabuwa ta hanyar saitin da ke share komai, ka zaɓi wanda ke tsabtace faifai, ko da zai ɗauki sa'o'i. Dunƙulen da ke kan kile kuma ka bar shi yadda yake da kwanan watansa, shi za ka koma wa ranar da ka tashi hawa sabuwar siga.